Koriyar Waya

"Wayyo Allah na! Umma!"

Auta ba ta san lokacin da ta yi jifa da bokitin hannunta ba. Wani abu ne ya fizge ta tun daga yatsu har kafaɗa, ya watsar da ita jikin bangon bayan gida, ta zube a kan jiƙaƙƙen siminti tana haki. Injin wanki kuwa yana ta juyinsa, ko a jikinsa.

Daga kicin Umma ta ɗaga murya, ko leƙowa ba ta yi ba.

"Kin manta silifas ko? Sau nawa zan faɗa miki?"

Dokar gidan ke nan shekara biyu. Tun ranar da Baba ya jawo wa injin wuta da hannunsa, kowa ya san yana ɗan cizo, kowa kuma ya san maganinsa: ka zura takalmin roba kafin ka taɓa shi. Har wasa ake yi da abin, a ce injin ya gaishe ka. Yau dai ɗoki ne ya ja mata, don saurayinta yana falo, ya zo gaida Baba karo na farko, hankalinta duk yana can.

Kafin ta yunƙura sai ga shi a kanta. Mai Wuta ake ce masa, don aikinsa ke nan, kuma mutum ne mai kunya, amma yau ya ratsa tsakar gidan surukai a guje babu ko neman izini. Ya kai hannu ya kashe makunnin bango, sannan ya durƙusa.

"Autata, kalle ni. Kina jin yatsunki? Motsa su in gani."

"Ina ji... tashi don Allah, ga Baba nan."

Baba ya iso yana gyara zaman tabarau. A bayansa akwai Manaja, ɗan ƙanwarsa mai shagon kayan wuta, wanda ya daɗe yana yi wa Auta kallon tasa ce, lokaci kawai yake jira. Ya ji labarin baƙon ne ya zo gaisuwar da ba a gayyace shi ba.

Mai Wuta ya zaro testa ta gwajin wuta daga aljihun gaba, ya kunna injin, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfen. Jan haske ya kama a cikinta. Ya kashe, ya zare fulogin ya juya shi a tafin hannu, fuskarsa ta canza.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Auta ta ƙifta masa ido, ta sake ƙiftawa har idon ya yi ƙwalla. Ina! Mutumin nan idan ya ga waya ba ya ganin kowa.

"Ko wane ne, ya kusa kashe muku mutum. An karya ƙafa ta uku ta fulogin, an ja waya biyu kawai. Babu wayar ƙasa. Ita ce ke kwashe wuta ta kai ta ƙasa idan ta zubo a jikin ƙarfe. In babu ita, duk wanda ya taɓa shi ne hanyar. Wannan ba aikin mai hankali ba ne."

"Ni na yi," in ji Baba.

Manaja ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana koyarwa, jan biro a hannunsa, shi ke gyara wa mutane. Tun da ya yi ritaya ya koma kan gidan: famfo, ƙofa, fanka, babu abin da ya tsira daga akwatin kayan aikinsa. A ce yau wani yaro ya tsaya a gaban matarsa da 'yarsa da ɗan ƙanwarsa ya kira aikinsa na marar hankali?

"Ka gama, Injiniya?"

"Baba, ka yi haƙuri, ban san..."

"Ƙofar da ka shigo tana nan inda ka bar ta. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

Wata biyu aka yi a haka. A shagon ɗinkinta suke haɗuwa, shi a kan benci, ita a kan keke, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Kai ma dai, bakinka ba shi da birki," ta ce masa wata rana. "Ina ta yi maka ido kamar mai ciwon ido."

"Na ɗauka wutar ce ta taɓa miki ido."

Ta ɗauki guntun yadi ta jefe shi, ya cafe yana dariya. Sai dariyar ta ɗauke.

"Maganar gaskiya, Auta, ba na samun sukuni. Kullum kika ce min yau wanki, gabana faɗuwa yake. Silifas ba kariya ba ce. Ranar da ya huje ko ya jiƙe fa?"

"Shekara biyu muna yi, babu wanda ya mutu."

"Kar ki ƙara faɗin haka, masoyiya. Ke kaɗai gare ni."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ƙafarta ta kasa taka keken. Tana son mutumin nan, so irin wanda ke sa mace ta ɗinka hannun riga a baibai ta kuma yi dariya tana warwarewa.

A gida kuwa Umma ce ke ta aikin lallashi, yau kalma ɗaya, gobe biyu. Manaja na bin baya yana warware mata. Kullum yana gindin Baba: "Kawu, ai hannunka ya fi na masu takardar nan. Yaran yanzu raini ne ya yi musu yawa." Duk da haka Umma ta ci ƙarfinsa. Ranar da Baba zai tafi duba yayansa da ba shi da lafiya, tafiyar mako guda, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In na dawo zan duba maganar yaron. Amma ya san matsayinsa. Kada ya kuskura ya taɓa min ko ƙusa a gidan nan."

Washegari Umma da kanta ta ce a kira Mai Wuta.

"Babanku ba ya leƙa bayan inji. Ya zo ya yi abin da zai yi, ni ma na gaji da gaisuwar nan."

Ya zo da hantsi da jakarsa. Ya kafa doguwar sandar tagulla a ƙasa bayan tankin ruwa, ya ɗaura mata koriyar waya, ya bi da ita gindin bango har bayan injin. Ya sa sabon soket da fulogi mai ƙafa uku a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya bar tsohon makunnin Baba a inda yake. Da ya gama ya danna makunnin.

Ɗaf! Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke.

"Innalillahi, ka lalata?" in ji Umma.

"A'a Umma, aikinta ke nan ta yi. Motar cikin injin ce ta fara ƙonewa, wuta na zuba a jikin ƙarfen, kuma kullum ƙaruwa take. Yanzu wayar ƙasa ta kwashe ta, babban makunnin gida ya faɗi. Zan nemo sabuwar mota kafin Baba ya dawo. Kafin nan kada a kunna. Ko an manta an kunna ma, wuta ce za ta ɗauke, ba zai kama kowa ba."

"Ko babu takalmi?"

"Ko babu takalmi, Umma."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya kalli Auta ta gefen ido, ita ma ta kalle shi. Ranar ji ta yi kamar an riga an ba shi ita.

Kwana uku Baba ya yi ya dawo, don jikin yayan nasa ya yi sauƙi. Umma ta fita kasuwa. Auta ta shigo daga shago cin abincin rana, jakar ɗinkinta a kafaɗa, ta tarar da motar Manaja a ƙofar gida. Shi ya ɗauko Baba daga tasha. Tana taka tsakar gida ta ji ɗaf, fankar falo ta tsaya.



Ta same su a bayan gida, kayan tafiyar Baba a cikin injin.

"Sau uku ke nan," in ji Baba. "Shekara biyu bai taɓa yi min haka ba."

Manaja ya kalli Auta, ya ɗan yi murmushi.

"Kawu, anya ba a taɓa maka aikinka ba? Ka san idan maigida ya yi tafiya, gida kan yi baƙi."

Baba ya juyo a hankali.

"Auta, wani ya shigo gidan nan?"

"A'a, Baba."

"To. Bari in ɗauko akwatina in ja injin nan. Wallahi in na tarar da hannun yaron nan a kayana, maganarku ta mutu har abada, kuma uwarki ma za ta yi min bayani. Kai, je ka ɗaga makunnin."

Baba ya shiga ɗaki, Manaja ya nufi zaure. Aka bar ta ita kaɗai da injin.

Ba ta yi dogon tunani ba, kuma wannan shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya. Abin da ta sani kawai, koriyar wayar nan ce ke sa wuta ɗaukewa, idan babu ita injin zai koma yadda Baba ya san shi. Kwana biyu ne kacal, sabuwar motar injin za ta iso, a gyara komai a ɓoye. Ta zaro almakashinta daga jaka, ta zura hannu bayan injin ta lalubo wayar.

Ƙyas!

Ta tura bakin a ƙarƙashin inji, ta miƙe tana karkaɗe zani.

"Baba! Bar akwatin, fulogin ne bai zauna ba. Gwada yanzu."

Baba ya danna. Injin ya kama juyi, fanka na kaɗawa a falo.

"Ka gani ko?" ya ce wa Manaja. "Aikina ba ya ba ni kunya."

Ita ta ƙarasa wankin, silifas a ƙafa, ko gefen ƙarfen ba ta yarda ta taɓa ba. Ta shanya, ta kashe makunnin. Ta yi niyyar faɗa wa Umma, Allah ya sani ta yi niyya. Amma Umma ta dawo ta tarar da mijinta, aka zauna labarin mara lafiya, kuma ta ina za ta fara? Ta ce gobe. Da safe wata da ta kawo mata ɗinki ta kira ta tana masifa, ta fita a gurguje, ta ce in ta dawo.

Umma ta fito ta ga kayan Baba a kan igiya, ta ce ashe yaron kirki har ya kawo motar. Ta kwaso zannuwan gado. Silifas ɗinta na bakin ƙofar kicin, ta wuce su.

Baba ne ya ji ƙarar da ta ƙwalla, ya ruga ya kashe babban makunni. Kafin nan wutar ta riƙe hannunta na dama a jikin murfin, ta ƙi saki.

A asibiti likita ya ce zuciyarta ta tsaya ta dawo, an yi sa'a. Yatsu biyu kuwa ba za su tsira ba. Auta na tsaye a gindin gadon lokacin da Umma ta buɗe ido, leɓunanta a bushe.

"Ya ce... ba zai kama kowa ba..."

Baba ya sunkuyo.

"Wa ya ce?"

"Yaron nan... ya ce ya gyara..."

Kafin la'asar 'yan sanda sun ɗauko Mai Wuta daga wajen aikinsa, a gaban abokan aiki, suka kawo shi gidan ya nuna abin da ya yi. Maƙwabta sun cika ƙofa. Ya shigo yana tambaya, "Yaya Umma? Don Allah yaya jikin Umma?" Aka wuce da shi bayan gida.

"Ba zai yiwu ba," yake ta faɗi. "Na gwada da hannuna. Ba zai yiwu ba."

Ya ja injin gefe, ya durƙusa, ya ɗago bakin wayar.

Ya daɗe yana kallonta. Ya san cizon ɓera, ya san yankan filaya mai matse baki. Wannan yanka ne guda, a karkace, sumul, irin na hannun da ya saba yanka yadi.

Ya ɗago kai ya nemi Auta. Tana bayan Baba, ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu.

"Ga shi nan ai," in ji Manaja da ƙarfi don na waje su ji. "Ko haɗawa bai yi ba, guntuwar waya ya yasar ya tafi. Wai shi gwani!"

"Malam, kai ka yi aikin nan ko ba kai ba?" in ji ɗan sandan.

Mai Wuta bai kalli ɗan sandan ba. Ita yake kallo, yana jira. Ya ba ta lokaci, lokaci mai yawa, har ɗan sandan ya maimaita tambayar.

Auta ta buɗe baki. Ta ga ƙeyar Baba, ta ga maƙwabta, ta tuna hannun Umma a naɗe. Ta mayar da idonta ƙasa.

"Ni na yi aikin," ya ce.

Aka sa masa ankwa a gabanta.

Kwana tara ya yi a tsare. Kamfanin da ya ba shi aikin wutar sabon gini ya sallame shi tun kwana na biyu. Manaja kuwa ya samu abin yi, duk wanda ya shigo shagonsa sayen ko ƙwan fitila ne sai ya ji labarin mai gyaran da ya kusa kashe uwar budurwarsa. Har asibiti yake zuwa da ledar lemo, ya zauna kusa da Auta yana ce mata, "Ƙanwata, Allah ne ya tsare ki da shi."

Ita kuwa ta daina cin abinci. Kullum ta tashi da niyyar yau za ta faɗa, kullum rana ta faɗi ba ta faɗa ba. Tsoro ne, babu wani suna da za a ba shi, tsoro ne da son kai.

Ran na tara ta sami Baba shi kaɗai a falo, ta zube a gabansa.

"Baba, ni ce. Ya haɗa wayar, ni na yanke. Da almakashina. Don kar ka gani."

Baba ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu. Ta jira mari, ta jira zagi, ko ɗaya bai zo ba. Da ya yi magana muryarsa ta tsufa.

"Uwarki kada ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Ranar ya je ya janye ƙara. Bai ba kowa haƙuri ba, don bai iya ba. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, yana kallon bango, ya ce, "Ki faɗa masa ya turo manyansa."

Ta sami Mai Wuta a ɗan shagonsa, yana zaune a kan benci babu aikin komai a gabansa. Ya rame, gemu ya fito masa. Bai ce ta zauna ba.

"Yaya jikin Umma?"

"Da sauƙi. An sallame ta jiya." Ta matso kusa. "Na faɗa wa Baba gaskiya. Ya amince, masoyi. Ya ce ka turo."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ladan zaman da na yi ke nan?"

"Don Allah kar ka ce haka. Tsoro na ji. Don kar a raba mu na yi, wallahi don kai na yi!"

"Na sani. Yankan wayar na yafe miki tun a gidan, tun ina durƙushe. Mutum kan firgita ya yi wauta."

"To mene ne?"

"Na kalle ki, Auta. Kin ga ina kallonki?"

Ta kawar da kai.

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"A can ciki, ranar farko na ce yanzu za ta zo, kunyar mutane ce ta hana ta. Rana ta biyu na ce tana wajen Umma. Duk ƙarar ƙofa sai in miƙe. Mahaifiyata ta zo tana kuka tana tambayata ko da gaske ni na yi, na ce mata eh. Na yi wa uwata ƙarya saboda ke. Ran na biyar na daina miƙewa."

"Zan je in faɗa wa kowa! Gida gida zan bi, har kamfanin..."

"Ki bi in kina so, sunana ne, ina buƙatarsa. Amma ba zai dawo da ke ba."

"Ka daina sona ke nan?"

Ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe, sannan ya sauke.

"Da na daina da na huta. Ina sonki. Sai dai in na aure ki, duk ranar da wani abu ya taso zan juya in neme ki, kuma na riga na san inda idonki zai kalla. Ba zan iya zaman nan ba. Ki gaida Umma."

Ta tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya jawo jakarsa ya shiga jera kayan da suke a jere.

Ta iske Umma a jingine da filo, hannun dama a naɗe a kan cinya. Ta ɗauko kwanon abinci ta zauna a bakin gado, don tun daga asibiti ita ke ba ta a baki. Umma ta ɗora naɗaɗɗen hannun a kan gwiwar Auta kamar yadda ta saba.

"Babanku ya faɗa min ya sauko. Kin je? Yaushe za su zo?"

"Ba za su zo ba, Umma."

"Kunya yake ji ko? Ki ce masa na yafe masa duniya da lahira. Kuskure ne, kowa na yi. Yatsu biyu ba za su hana 'yata farin ciki ba."

Auta ta mayar da cokalin cikin kwano.

"Ya ce ya fasa."

"Ya fasa? Shi?" Muryar Umma ta tashi. "Shi da ya nakasa ni, na yafe masa, shi ne kuma zai yi mana yanga? Ashe haka yake? To Allah ya isa tsakanina da..."

"Umma kar ki ƙarasa! Don Allah kar ki ƙarasa!"

Umma ta tsaya, baki a buɗe.

"Ba shi ba ne. Ya gyara, kamar yadda ya faɗa miki. Ranar da Baba ya dawo wuta ta yi ta ɗaukewa, na ji tsoro, na yanke wayar. Na kwana da ke a gida ɗaya ban faɗa miki ba. Na wuce ki da safe kina shara, na ce miki sai na dawo."

Umma ta kalle ta, kallon da ba fushi a cikinsa, kamar tana son gane wace ce wannan da ke zaune a bakin gadonta.

"Kina tsaye aka tafi da shi?"

"Ina tsaye."

A hankali Umma ta ɗaga naɗaɗɗen hannunta daga gwiwar Auta, ta mayar da shi kan cinyarta, ta juya fuska ga bango.

"Ajiye kwanon," ta ce. "Kira min Babanku ya ba ni abincin."